Shekarar da Na Shigo da Titi Cikin Falonmu

Faisal da Hanan, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a gidan nan, har na fara jin ta a bakin 'ya'yanku, wai babanku ne ya hana ni tafiya Riyad lokacin da aka kira ni aiki can. Ina jin daga wurin yayata ta fito, Allah ya jiƙanta, don ita ta fi kowa jin zafin abin. Ba haka aka yi ba. Tun ina da sauran ƙarfi bari in rubuta muku yadda shekarar ta kasance, kuma da Hausa zan rubuta, ko da za ku yi ta tuntuɓe kafin ku kai ƙarshe. Ku karanta wa babanku da ƙarfi. Zai gyara muku lafazi, kuma na san zai ce na ƙara gishiri.

A lokacin ba mu daɗe da barin unguwar Tandabawi muka koma Rusaifa a nan Makka ba, hawa na biyu, gidan da tagar falonsa ke kallon masallaci ta ƙetaren titi. Ni ina koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata, ni ce kuma mai gina wa makarantar shafukanta na intanet. Kai Faisal kana Jidda wurin aiki, ke Hanan kina jami'a. Inna, kakarku ta wajen uba, tana tare da mu, da Sakkwatancinta wanda duk zamanta na Makka bai taɓa shi ba. Babanku yana da shagonsa a Misfala, na darduma da carbi da turare, kuma duk layin an san shi da barkwanci. Alhaji zai shigo sayen carbi ɗaya, ya fita yana dariya da leda a kowane hannu. Ciwon suga ya daɗe yana cin idonsa a hankali, a wannan shekarar kuwa ya kai ga inuwa-inuwa kawai yake gani. Ƙanensa ya karɓi shagon. Abu ɗaya ne babanku ya riƙe bai saki ba, wato sauka masallaci, yana lalube da bango, yana ƙetare titin da ɗan hasken da ya rage masa. Wata la'asar wata mota ta gifta kusa da shi har madubinta ya bugi hannunsa. Ko ƙwarzane bai yi ba. Amma daga ranar bai ƙara sauka ba.

Maƙwabta suka yi ta hawowa suna cewa za su riƙa zuwa ɗaukarsa. Ya ƙi.

"Ni ba buhun shinkafa ba ne," ya ce, "da za a riƙa ɗauka ana ajiyewa."

Sai ya koma yin sallarsa a falo, yana jin liman ta taga. Barkwancin ya tafi. Mutumin da ba a iya shan shayi kusa da shi ba tare da an ƙware ba, ya zama sai ka tambaye shi sau biyu kafin ya amsa. Inna ta riƙa zama kusa da shi tana jan carbi tana kallonsa, ni kuwa na san ta daina cin abinci sosai. Wanda ya fara buɗe mana wata ƙofa shi ne Malam Bashir, wani ɗalibin hadisi daga Kano da ke zaune a bayan layinmu. Da makantarsa aka haife shi, kuma babu lungun Rusaifa da ba ya shiga da sandarsa. Shi babanku ya yarda ya saurara, don ba zai iya ce masa bai san abin da yake ji ba. Malam Bashir ya koya masa riƙon sanda, da hawa da sauka a bene, har suka kai bakin titi. Nan komai ya tsaya. Da babanku ya ji ƙarar mota sai jikinsa ya sandare, gumi ya keto masa, su juyo gida. Wata rana bayan sun dawo, ina kawo musu shayi, na ji Malam Bashir yana cewa:

"Abu Faisal, kunnenka lafiya lau yake, karatu kawai yake so. Matsalar ita ce karatu sai da maimaici, titi kuwa ba ya maimaita mota. In ta wuce ta wuce."

Na ajiye farantin na koma kicin, amma maganar ta bi ni. Titi ba ya maimaitawa, to kwamfuta kuwa ai babu abin da ta iya kamar maimaici.

Bari in yi muku bayani kaɗan, don jikokina su san kakarsu ba sihiri ta yi ba. Mutum yana gane inda sauti ya fito ne saboda kunnuwansa biyu ba sa jin abu lokaci ɗaya. In mota tana hagunka, ƙararta na riga isa kunnen hagu da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma kanka da kansa yana tare wani ɓangare nata kafin ta kai kunnen dama. Burawza, wato manhajar da muke buɗe shafukan intanet da ita, ta iya kwaikwayon wannan. Za ka ba ta sauti, ka gaya mata wurinsa da lambobi uku, nisansa ta gefe da ta sama da ta gaba, sannan ka gaya mata inda mai sauraro yake tsaye da inda ya fuskanta. Ita kuma sai ta raba sautin tsakanin kunnuwa biyu yadda Allah ya tsara a zahiri. In ka sa samma'a, abin sautin nan na kunne, sai ka ji kamar abin yana can gefen ɗaki. In ka riƙa canja lambobin, sai ya yi tafiya. Na zaɓi burawza ne don ba sai an girka komai ba, kowace waya za ta buɗe. Kuma da yake burawza ba ta yarda ta fitar da sauti sai mutum ya taɓa wani abu, sai na mai da fuskar wayar gaba ɗaya maɓalli guda, duk inda yatsan babanku ya sauka ya isa.

Sai neman ƙarar motoci. Ina bukatar ƙarar inji a tsaye, wadda ba ta hawa ba ta sauka, don ni zan sa ta tafiya da kaina. Ku yi tunanin mace mai shekara hamsin cikin abaya, tana bin motocin unguwa da waya a hannu tana roƙon direbobi su taka mai su riƙe. Mai tasi ya yarda nan take. Mai babur ɗin kawo abinci ya yi ta dariya. Direban tankar ruwa kuwa ya zaci ƙararsa zan kai saboda hayaniya, ya haɗa hannu yana rantsuwa gobe zai gyara salansa. Da ƙyar na fahimtar da shi cewa hayaniyar tasa nake so, kada ya gyara komai. Inna tana taga tana kallo, da na hawo ta ce:

"Ɗiyata, in aikin makarantar ya ƙare ki hwaɗa muna. Na gan ki kina gaisawa da motoci."

Na auna faɗin titinmu da ido da taku, na zana shi cikin lambobi, na tsayar da mai sauraro a bakin ƙofar gidanmu yana fuskantar masallaci. Ranar da na ga kamar ya yi, bayan na dawo daga makaranta, na zauna kusa da babanku na ce ya ara mini kunnensa. Bai so ba, amma ya bari na sa masa samma'ar. Ya taɓa wayar. Ina kallon fuskarsa, tasi ta taso daga hagu, ta ƙaru, ta wuce dama, ta ɓace. Sai na ga gefen bakinsa yana motsi.

"Ummu Faisal, wannan mene ne?"

"Tasi ce."

"A'a. Wannan sauro ne. Ƙaton sauro, mai lasisin tuƙi."

Ya fashe da dariya, irin dariyar da ba mu ji ba tun kafin azumi, har da dukan cinya. Inna ta fito daga ɗaki da sauri ta zaci wani abu ne ya faru. Da ya natsu sai ya ce motar gaske ba haka take yi ba. In tana tahowa muryarta siririya ce, da ta gifta sai ta faɗi ta yi kauri. Ya kwaikwaya da baki, iiiiii, yuuuuu, yana jan hannu daga hagu zuwa dama. Tawa kuwa da murya ɗaya ta zo, da ita ta tafi, kamar an ɗauki rediyo daga wannan ɗaki an kai wancan. Abin da yake faɗa na san shi tun ina ɗaliba, har suna gare shi a littattafan kimiyya. Sauti yana bazuwa cikin iska ne kamar zobban ruwa in an jefa dutse a tafki. Motar da ke tahowa tana bin zobbanta tana matse su, sai su iso kunne kusa da kusa, murya ta yi sama. Da ta wuce sai ta riƙa jan su suna nisa da juna, murya ta yi ƙasa. Ban dai taɓa tunanin cewa wannan faɗuwar muryar ita ce ke gaya wa mai tsaye a bakin titi cewa motar ta wuce shi ba. Daga ranar babanku ya samu aikin yi. Kullum na dawo sai ya kira ni injiniya da Larabci, ya ce, "Muhandisa, ya jikin sauron?"

A cikin wannan makon ne shugabar makarantarmu ta kira ni ofis ta gaya mini maganar Riyad. Ana haɗa wasu mutane da za su gina shafukan darussa na makarantu da yawa, an ga aikina, ana so in je in jagoranci wani sashe. Ba zan ɓoye muku ba, irin aikin da na yi shekaru ina roƙon Allah ya ba ni ke nan. Na fito daga ofishin ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Kafin in iso gida murnar ta fara nauyi. Ba a maganar mu tafi gaba ɗaya: Inna ta sha faɗa cewa a Makka za a binne ta, babanku kuwa garin da ƙafarsa ta haddace shi ne kaɗai idon da ya rage masa. Na gaya masa da yamma muna ɗaki. Ban gama ba ya katse ni.

"Mabruk! Yaushe za ki tafi?"

"Ban ce zan tafi ba."

"Za ki tafi. Inna tana nan, Hanan tana nan, jirgi kuma bai daina tashi ba. Ki riƙa zuwa ƙarshen mako."

"Ina da aikin da ban gama ba."

"Sauron?"

"Sauron."

Nan ya ɗaga murya, abin da ba halinsa ba ne. Ya ce in na zauna saboda shi na ƙara masa makanta ta biyu, ya ce ba zai yarda a ce matarsa ta binne iliminta tana gadin miji ba. Ni ma na ɗaga tawa. Na ce masa ba gadinsa zan yi ba, so nake in kore shi daga falona, ya tare mini kujera. Na yi kuka. Wannan ne abin da kika ji ta bayan ƙofa, Hanan, kika ga na fito ido jajur, kika ɗauka shi ne ya hana. Ya yi kwanaki yana fushi da ni saboda na ƙi tafiya. Har Malam Bashir ya tura ya yi mini nasiha, Malam Bashir kuwa ya zo ya sha shayi ya ce shi ba ya shiga tsakanin malamai biyu.

Dalilina mai sauƙi ne. Na ga dariyar nan ta dawo, kuma na san in na tafi ba za ta jira ni zuwa ƙarshen mako ba. Na koma na ce wa shugabar na gode. Aka ba wata abokiyar aikina, ta kuma yi abin kirki da shi, har yau muna gaisawa. Kiran bai sake zuwa ba. A ajin da na fara koyarwa, a nan na yi ritaya. Yayata ta yi watanni ba ta taka gidan nan ba, tana cewa na watsar da abin da iyayenmu suka sha wahala don mu samu. Ni ma akwai lokutan da in na buɗe shafukan da aka gina a can, nakan ga inda da ni ce da ba haka zan yi ba, sai in rufe shafin. Wannan gaskiya ne, kuma ba na so ku ɗauka abin bai ci mini komai ba. Amma da hannuna na zaɓa, ido buɗe.

Na koma kan sauro. Tsofaffin darussan da na samu a intanet duk suna cewa akwai umarni guda da ke sa murya ta hau ta sauka da kanta. Na rubuta shi, burawza ta ce ba ta san shi ba. Ashe an riga an cire shi, an bar wa kowa ya gina nasa. Sai na ce bari in lissafa gudun motar, in riƙa ƙara wa sautin sauri in tana tahowa, in rage in ta wuce. A takarda daidai ne. A kunne kuwa motar ta riƙa tsalle daga murya zuwa murya, tana ƙas, ƙas, kamar mai hawa bene da takalmin katako. Na sa a lasifika don in ji da kyau, Inna tana tsince shinkafa ta ɗago kai.

"Ku ba motar ga ruwa," ta ce, "shaƙuwa taka yi."

Mafitar ta zo mini ne wata safiyar Asabar ina shanya a baranda. Can nesa ana wani gini, wani ma'aikaci yana dukan ƙarfe da guduma. Ina ganin gudumar ta sauka, sai bayan ta fara ɗagowa nake jin ƙarar. Na tsaya da rigar babanku a hannu ina kallo. Sauti ba ya isowa nan take, tafiya yake yi, kusan mita ɗari uku da arba'in a daƙiƙa guda. To me ya kai ni taɓa muryar motar? Abin da ya kamata in yi shi ne in riƙe sautin, in jinkirta shi daidai lokacin da zai ɗauka ya taso daga motar zuwa kunne. In motar na nesa jinkirin ya yi tsawo, tana matsowa yana raguwa, kuma raguwar nan ita da kanta za ta matse zobban. Burawza tana da abin jinkirta sauti, kowa na amfani da shi wajen yin amsa-kuwwa. Na bar shanyar a bokiti na shigo. Na raba nisa da gudun sauti, na ba abin jinkirin, na kuma umarce shi ya riƙa zamewa a hankali daga lamba zuwa lamba maimakon tsalle. Layukan ba su fi tsawon tafin hannu ba, kuma babu inda na ambaci hawa ko saukar murya a cikinsu. Na sa samma'a na taɓa. Tasi ta taho da siririyar murya, ta gifta, muryar ta faɗi da kanta.

Ban ce wa babanku komai ba, na dai sa masa, na zaɓi tankar ruwa. Yana zaune ya miƙe ƙafa, yana shirin tsokana. Tankar na isowa ya janye ƙafafunsa sama kan kujera, ya damƙi hannuna da ƙarfi. Da ta wuce ya sauke numfashi.

"La ilaha illallah. Ta wuce," ya ce. "Na ji lokacin da ta wuce. Sake sa ta."

Na sake. Ya ce in sake. A karo na nawa ne ban sani ba, ya daina janye ƙafa, ya fara nuna ta da yatsa yana bin ta. Inna ta ce ita ma a sa mata ta ji abin da ke sa babban mutum hawa kujera. Tankar na tahowa ta yi a'uziyya, ta fizge samma'ar, ta leƙa bayan kujera.

Daga nan gidan ya koma filin wasa. Na mai da shafin gasa: motoci na zuwa ta hagu da dama, kowace da gudunta, ba a san wadda za ta biyo ba, kai kuma sai ka taɓa waya lokacin da ka ga za ka iya ƙetarewa. In ka yi daidai, ka ji muryata tana cewa ka isa lafiya. In ka yi kuskure, ka ji hon. Malam Bashir ba a taɓa kama shi ba. Ke Hanan kina rufe ido da mayafi kina gwadawa, kina ihu da Larabci. Kai Faisal na tura maka adireshin shafin kana Jidda, ka kira kana ƙorafin babur ɗin yana zamba. Inna kuwa tankar ruwa ta take ta ba adadi, kullum tana cewa direban ne ba shi da tarbiyya. Akwai ranar da babanku ya yi ta faɗuwa, duk motar hagu yana cewa dama, na kusa warware aikin gaba ɗaya ina neman kuskure, ashe samma'ar ya sa a juye. Na ɗaura wa ta dama zare. Sannan Malam Bashir ya lura cewa a titi mutum yakan juya kai don ya tantance gaba da baya, a nan kuwa in ka juya, titin duka sai ya juya tare da kai. Waya ta san inda aka juya ta, don haka na haɗa wannan da fuskar mai sauraro. Saura inda za a ɗora wayar. Babanku ya ce a kawo masa shimag da igal ɗinsa na zuwa ɗaurin aure, wato mayafin kai na Larabawa da baƙar igiyar da ke danne shi, ya yafa, muka soke wayar a ƙarƙashin igal. Ya zauna ƙiƙam yana juya kai hagu da dama kamar mai karɓar gaisuwa. Inna ta dube shi ta ce, "Ango, ina amaryar?" Ya nuna ni.

Malam Bashir bai bari mun ruɗi kanmu ba. Ya ce falo falo ne, titi titi ne, akwai motocin zamani da ba su da ƙara sosai, akwai iska, akwai direban da ke kallon waya. Na ƙara motoci masu shiru a shafin, shi kuma ya ci gaba da sauka da babanku bakin titi, suna tsayawa kawai suna saurare, babanku yana faɗin abin da ya ji, ba tare da sun ƙetare ba. A hankali gumin ya daina zuwa. Malam Bashir ya kuma tura wa wasu abokansa makafi a Kano adireshin shafin. Ba a jima ba suka aiko saƙon murya suna godiya, suna kuma tambaya ina adaidaita sahu, don titin da babu ita ba titi ba ne a wurinsu. Na ce babu ita a Makka. Suka ɗauko ƙararta suka turo mini, na sa ta. Har yau in kun buɗe shafin za ku ji adaidaita sahu tana wucewa ta gaban masallacin Rusaifa.

Ranar da abin ya faru babu wanda ya shirya ta. An kira la'asar, ina kicin, sai na ji ƙarar sanda a bakin ƙofa. Na leƙo na ga babanku da farar riga da hula, yana laluben takalmi. Da ya fara sauka na zari abaya na bi shi a hankali, ina barin tazara, ina ɗauke numfashi. Ya fita ƙofar gida ya tsaya a bakin titi. Bai juyo ba ya ce:

"Ummu Faisal, koma gida. Takalmin nan naki tun daga bene yake ba ni labari."

Ban koma ba, amma na tsaya a bakin ƙofa, na riƙe ƙarfen da hannu biyu. Wata ƙaramar mota ta taho ta hagu. Ya jira. Muryarta ta faɗi. Wani babur ya biyo ta dama, ya ɗan juya kai ya bi shi har ya yi nisa. Sai titin ya yi shiru. Ya ɗaga sandarsa gaba yadda aka koya masa, ya sauka, ya taka ba gudu ba sanɗa, har sandar ta bugi dakalin masallaci. Mutanen da ke cire takalma a ƙofa suka juyo. Na ji wani ya ce, "Abu Faisal!" sai suka yanyame shi, wannan ya rungume, wancan ya kama hannu. Daga sama na ji guɗa. Inna ce a taga, tsohuwar da ke cewa ba ta da numfashin hawa bene.

Na hau na ɗora shayi ina jiran ya dawo in ji daga bakinsa. Aka idar da salla, mutane suka watse, shiru. Na ce hira ce ta riƙe shi. Shayin ya huce, na sake ɗumamawa. Na kira wayarsa, ta yi ƙara a kan kujera kusa da igal. Aka kira magariba, aka idar, ina taga ina ƙirga masu fitowa, babu shi. Ke Hanan kin riga kin sa abaya za ki fita nema, ni kuma na fara karanto duk addu'ar da ta zo bakina, sai muka ji sanda a bene, ƙwas, ƙwas, ba gaggawa. Kafin ya iso ƙamshi ya riga shi. Ya shigo da ƙunshin takarda mai maiƙo a hannu, tsire ne da zafinsa, na mutumin nan Bakano da ke gasawa kusa da gidan burodi. Wurin kuwa sai an wuce masallaci an ƙetare wani titin, wanda ya fi namu faɗi.

"Wa ya kai ka can?" na ce.

"Ƙafata."

"Abu Faisal, wancan titin ai ban gina shi a kwamfuta ba!"

"Motocin can ma haka suke kuka," ya ce. "Kawo faranti, yana hucewa. Kuma na ce ya cika yaji, don na san Inna."

Muka shimfiɗa ledar cin abinci a ƙasa muka zauna mu huɗu. Ya riƙa ba mu labarin wanda ya yi ƙiba da wanda ya ƙara aure a cikin 'yan masallaci, duk daga murya ya gane, yana kwaikwayon kowa. Yajin kuwa mai gasawar bai yi wasa ba. Inna tana ci tana share ido da gefen mayafi, ni ma haka, ke Hanan ma haka, kowa yana cewa barkonon nan ya yi yawa, kuma babu wanda ya daina miƙa hannu.